Tukwanen Ngo Kaneng

Duk unguwar Kabong babu mai burkutu kamar Ngo Kaneng, kuma ba ita ke faɗa ba, mashaya ke faɗa. Sirrin, in ji su, yana cikin tukwanenta shida na ƙasa da ta gada wurin uwarta, waɗanda suka shekara arba'in suna shan giya har ɗanɗanon ya kama jikinsu. Da su ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da su ta yi rufin kwano, ta sayi firij da kujerun kushin.

Wata Asabar da rana tsaka, wani mai zuwa kullum ya tashi daga bencinta yana tangaɗi, ya faɗa kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ya mutu. Matarsa 'yar Zumuntar Mata ce a coci. Wurin jana'iza ta kama hannun Kaneng, ba zagi ba harara, ta ce, "Na yafe miki saboda Yesu. Ke ma ki zo wurinsa." Da zaginta ta yi, da abin ya zo da sauƙi. Kaneng ta yi sati uku ba ta jiƙa dawa ba, a na huɗu ta je ta ba da sunanta a ajin baftisma.

To, baftisma ba ta cefane. Kaneng ta kife tukwanen a bayan ɗaki, ta sayi guduma, ta bi matan da ke fasa dutse a hanyar Rukuba. Matar da a da sai dai ta zauna kan kujera tana ba da umarni, ga ta a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana mai da dutse tsakuwa, tana jiran tifa. Hannunta ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Firij ya tafi, kushin ya bi shi. Masu dariya suka yi ta yi, ita kuwa ko a jikinta, waƙar coci take rerawa tana buga guduma.

Nan ƙanen mijinta, Gyang, ya same ta wata Talata. Mutum ne mai dabara, irin wanda ke samo wa kowace doka ƙofar baya. Ya tsuguna ya kalli tafin hannunta, tausayi ya kama shi da gaske.

"Haba Ngo, wannan wane irin wahala ne? Ki ba madam ɗina tukwanen kawai. Ita zai dafa a gidana, a kawo miki rabonki. Ba ki taɓa dawa ba, ba ki taɓa ƙwarya ba. Ko fasto ba zai ce komai ba."

Kaneng ta ajiye gudumar. Bayanta na ciwo, kuma tun safe kunun tsamiya kaɗai ta sha. Maganar ta shige ta, ba za ta yi ƙarya ba.

"Fasto ba zai ce komai ba," ta ce a hankali. "Wanda ya kira ni fa?"

Ta miƙe da gudumarta ta nufi gida, Gyang na biye da ita yana murna, ya ɗauka ta yarda. Ta wuce bayan ɗaki. Kafin ya gane, ta huda gindin tukunya ta farko. Ta biyu, ta uku. Yana ihu yana cewa dukiya ce, ko juyowa ba ta yi ba, don ta san muddin suna nan lafiya, wata rana yunwa za ta sa ta ce to.

Ta shida ce babbar, wadda uwarta ta ɗauko a ka tun daga ƙauyensu na Vom. A nan hannunta ya tsaya. Ta durƙusa ta karkata tukunyar ta shafa bakinta, inda yatsun tsohuwar suka suɗe shi ya yi sumul, hawaye na zuba mata.

"Mama, ki yi haƙuri," ta ce.

Sannan ta ɗaga gudumar da hannu biyu.