Kujerar Marit Dykhouse

A birnin Grand Rapids na Amurka da wuya ka sami wanda bai taɓa zama kan kujerar nan mai lanƙwasasshen baya ba. Tana makarantu, tana asibitoci, tana majami'u. Amma da gidan adana kayan tarihi ya tashi baje kolinta, sunan marigayi Wendell Praeger, mai masana'antar da ke ƙera ta, aka rubuta a allo a matsayin wanda ya zana ta.

Otis Brandsma ya karanta allon sau biyu. Shekarunsa tamanin da huɗu, talatin daga ciki ya yi su yana turara katako a masana'antar don ya lanƙwasu. A gabansa Marit Dykhouse ta zana kujerar. A gabansa ta karya guda goma sha tara kafin ta sami wadda ta tsaya, duk yatsunta sun ƙone. Da kujerar ta yi suna, sai Praeger ya tura Marit sashen ɗinkin labule, a can ta tsufa.

Shugabar gidan tana tsakiyar jawabi kan basirar Praeger, Otis ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ƙarya ne!"

Kowa ya waiwayo.

"Baba, a yi haƙuri, za a ba da lokacin tambayoyi," in ji ta.

"Ba tambaya na zo yi ba, 'yar nan. Wendell ɗin da ko ƙusa bai iya bugawa ba? Ku kifa kujerar ku ga yadda aka haɗa ƙafafun. Bahaguwa ce ta tsara haka, Marit ke nan, mun sha wuya kafin mu saba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kirari!"

"Takardun kamfani ne suka ce..."

"Wa ya rubuta takardun? Shi!"

Ya tsallake igiyar da aka kewaye kujerar da ita, ya zauna daram. Mai gadi ya matso, Otis ya watsa masa harara.

"Taɓa ni ka gani. Ni na lanƙwasa wannan katakon tun ba a haifi ubanka ba."

Bayan wata biyu aka sauya allon. Sunan Praeger yana nan a sama, na Marit a ƙasa da ƙananan haruffa, an ce "mataimakiya". Suka aiko wa Otis katin gayyata zuwa buɗe sabon allon. Ya juya bayan katin ya rubuta, "Wa ta taimaka wa?", ya mayar musu.