Ramin da Ban Toshe Ba

Tumakinmu ba sa buƙatar makiyayi a kan dutse. Kowace uwa takan nuna wa 'yarta inda ake ci, inda ake fakewa daga iska, da iyakar da ba a ƙetarewa. In garke ya manta, shi ke nan, mutum ba ya iya koya masa.

Shekara huɗu ke nan da masu ƙasar suka kewaye saman dutsen da doguwar waya. Suka ce bareyi da tumaki sun cinye komai, tsiron bishiya ba ya kai idon sawu. Ba ƙarya suka yi ba. Aka sauko da garkenmu kwari. Cikin waɗanda suka san dutsen saura ɗaya, Guntuwa, mai yankakken kunne da haƙora uku.

Da na gama sakandare abokaina suka tafi birnin Glasgow. Ni na zauna. Aikin da na samu, gyaran wannan wayar.

"Jikan makiyayi ya zama mai gadin ciyawa," in ji kakana Tormod. "Ka gaishe ta in ta amsa."

"Kai da Guntuwa, Kaka, ban san wanda ya fi wani haƙori ba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Da wuya ta ga bayan hunturun bana, Ruari."

Kowane watan Yuni Ishbel, masaniyar tsirrai, takan hau dutsen. Ta aza firam na katako mai kusurwa huɗu a ƙasa, ta durƙusa, ta ƙirga abin da ke ciki. Bara murna take yi, 'yan bishiyoyi sun kai gwiwa. Bana na same ta tana tona matacciyar ciyawa da yatsu. Ciyawar ta yi tsawo, ta kwanta, ta rufe ƙasa kamar tabarma.

"Shuɗin furen nan," ta ce. "Har da shi aka kafa wayar don a tsare. A da ɗari biyu ne a gangaren nan. Yau sha ɗaya. Ba ya ganin rana."

Akwai abin da na sani, faɗarsa kuma na iya cin aikina.

"Zo ki gani," na ce.

Na kai ta bakin rafi, cikin wayar. A nan ciyawa gajera ce. Furen ya bazu kamar an watsa shuni. Ta ƙirga sau biyu. Sittin da uku.

"Me ke kiwo a nan?"

"Tunkiya. Guntuwarmu."

"Ta ina take shigowa?"

Na nuna ramin da ruwa ya haƙe a ƙarƙashin wayar. Barewa ba ta iya bi. Shekara biyu ina wucewa da filaya a aljihu, ina ɗauke kai.

"Ka san aikinka ne toshe shi?"

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon gashin tunkiya da ya maƙale a wayar.

"To, tunkiyarka ta fi ni karatu," ta ce.

Wata biyu ana rubuce-rubuce. Amsa ta zo daga masu ƙasar: bareyi su zauna waje tukuna, tumaki ashirin su shiga bayan fure ya zubar da iri. Ƙananan bishiyoyi, ni zan yi wa kowace keji.

Ranar farko ta Satumba na buɗe ƙofar wayar. Ƙananan tumakin suka cunkushe, ba wadda ta taɓa hawa dutsen. Guntuwa ta ratsa su tana ɗingishi. Ba ta ko shinshina ƙasa ba. Ta kama tsohuwar hanyar da ciyawa ta binne, ta nufi bayan wani farin dutse, inda iska ba ta kaiwa. Ɗaya ta bi ta. Sai uku. Sai duka.

Kaka ya jingina da sandarsa yana share ido.

"Iska ce," ya ce.

"Ban tambaye ka ba."

Ramin kuwa, da yamma na toshe shi.