Gyalen Lulwa

"Ke Lulwa, zo nan! Haka za ki ratsa maza kai a buɗe?"

Munira ce ta tare yarinyar a bayan tanti, ranar Juma'a da la'asar, can cikin rairayin bayan Riyad inda ita da maƙwabciyarta Hissa suka saba kai iyali shan iska lokacin sanyi. Lulwa 'yar Hissa ce, shekararta goma sha ɗaya. Sauri take ta hau babur mai ƙafa huɗu da babanta ya karɓo mata haya.

"Inna, Mama ce ta cire mini. Ta ce kada in hau da gyale."

"Mamarki har gobe jaririya take ganinki. Ga samarin wancan tantin sun zubo ido."

Munira mace ce mai kirki, sai dai ba ta iya ganin abu ta kau da kai ba. Ta zaro dogon gyale daga jakarta, ta naɗa wa yarinyar har wuya, ta jefa jelarsa baya. "Yauwa, yanzu kika fito mutum." Lulwa ta yi dariya ta ruga.

Akwai allo a wurin mai hayar, an rubuta kada a ba yara babur. Da shi yake jingina bayansa yana shan shayi. Hular kwano guda ce tal, a rataye, ba mai nemanta.

Yarinyar ta hau tudu sau biyu lafiya. A na uku iska ta ɗaga jelar gyalen, sarƙar baya ta cafke shi. Kwana uku ta yi a asibiti ba ta buɗe ido ba, ranar Litinin da hantsi ta cika.

Zaman makoki Munira ce ta riƙe gidan. Ita ce dafa gahawa, ita ce miƙa dabino. Gyalen kuwa tun a tudun aka yanke shi da almakashi, ba wanda ya tambayi na wane ne. Hukuma ta kwashe baburan, maza suna ta cewa sai da aka rasa rai.

Abin da ya hana Munira sakat shi ne maganar da Hissa take maimaita wa duk mai gaisuwa.

"Da hannuna na cire mata. Ashe zagayawa ta yi ta samo wani. Maganata ta ƙarshe da ita ke nan, ta ƙi ji."

"Yaran yanzu sai addu'a," in ji wata tsohuwa.

Munira ta san in ta yi shiru, shekara ashirin na maƙwabtaka sun tsira. Amma ana ɗora wa marigayiyar laifin da ba nata ba, kuma ba ta da bakin kare kanta. Tsoro take ji, kunya na cinta.

Rana ta uku ta iske Hissa ita kaɗai a kicin, ta kira ta da sunan ɗanta na fari kamar yadda suka saba.

"Ummu Nawaf, gyalen nan nawa ne."

"Wane gyale?"

"Ni na naɗa mata. Ta faɗa mini kin hana. Wallahi ta faɗa, ni ce na danne ta."

Hissa ta juyo gare ta. "Ta ce na hana?"

"Ta ce."

"Ashe 'yata ta ji maganata." Ta dafa bango, kukan da ta kwana uku tana haɗiyewa ya ƙwace mata. Munira ta matso za ta riƙe ta, Hissa ta ɗaga hannu ta dakatar da ita. "Allah ya saka miki da kika faɗa. Je ki gida ki huta, Ummu Badar."

Ba zagi, ba ɗaga murya. Munira ta fita ta tafi gida.

A unguwar ba a mayar wa maƙwabci kwano ba komai a ciki, ko dabino uku ne sai an sa. Washegari da Munira ta buɗe ƙofa, ta tarar da kwanukanta duka da ke gidan Hissa a bakin dakali, har da farantin da ta manta nata ne. An wanke su tas, an kife.