Goben Mai Walda

Ihun matar Baba mai hoto ne ya keta ƙarar injin. Mai walda ya cire tabarau, ya yar da ƙarfen da ke hannunsa, ya ruga shagon da ke jikin nasa. Abu ɗaya ne a ransa: fitilar nan.

Mako uku ke nan tsohon yana bin sa. Babbar fitilar ɗaukar hoto tana kan doguwar sanda mai ƙafa uku, maɗaurin da ke riƙe kanta kuwa ya saki, haƙoran notinsa sun cinye. A ɗaure, a juya baya, sai ta fara sunkuyo da kai. Ga nauyi kamar tukunya cike da ruwa.

"Ɗana, hannuna ya daina matse ƙarfe," in ji tsohon. "Leƙo ka duba min, kar ta faɗo wa ɗan wani."

"Gobe, Baba. Aikin minti biyar ne."

"Goben nan taka sai ta binne ni," tsohon ya ce yana dariya.

Yanzu ga shi kwance a ƙasa, jini a goshinsa, matarsa tana jijjiga shi. Maƙwabta sun cika ɗakin, duhu ya rufe ko'ina. Mai walda bai iya ɗaga ido ya nemi fitilar ba. Ƙafafun tsohon ya kama, aka fita da shi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Kwana uku bai kunna injin ba. Duk wanda ya yi masa sallama sai ya kawar da kai. Tsoro yake ji, tsoron ranar da wani zai nuna shi da yatsa. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Rana ta huɗu matar ta aiko ya zo ya kwance kayan shagon.

Ya shiga da sanɗa. Ga labulen da aka zana lambu a jiki, ga kujerar zaman hoto, ga madubi da mataji. Fitilar tana tsaye ƙyam.

"Inna, wa ya ɗaga ta?"

"Ɗaga me? Ai ba ta faɗi ba. Zuciyarsa ce, in ji likita. Goshin kuma bakin tebur ya buga."

Ya sauke numfashin da ya riƙe kwana uku. Har ya so ya yi murmushi, Allah ya yafe masa. Ya kai hannu zai kwance notin, noti ya ce bai san zancen ba. Ya ƙara ƙarfi. Sai ya lura an naɗe haƙoran da siririyar roba, an matse tamau.

"Ranar nan tun safe yake kokawa da shi," ta ce tana naɗe labule. "Wata mai jego ce za ta kawo jaririnta, ya ce ba zai kwantar da shi ƙarƙashin fitilar a haka ba. Yana matsewa yana haki, gumi duk ya jiƙa masa riga. Na ce ya kira ka. Ya ce a ƙyale ka, aiki ya yi maka yawa."

Mai walda ya dubi ƙasa. A gindin sandar ga filayar tsohon a yashe, bakinta a buɗe. Ya ɗauke ta, ya zauna a kujerar hoton. Fitilar tana bisa kansa, ko motsi ba ta yi.