Makirfon Gangar Ƙafa

Alhaji Tajuddeen, mai shagon kayan sauti, ya hura makirfon, ya ƙwanƙwasa kansa da ɗan yatsa, sannan ya yi sallama a cikinsa. Muryar ta fita ta lasifikar da ke rataye a ƙofar shago, har wani mai tura rake ya amsa masa daga titi. Zaituna ta gyara hijabinta, ta ce a hankali ba irin wannan take nema ba. Tun shigowarta idonta na can ƙasan gilashi, inda wani gajeren makirfo mai ƙaton kai kamar gauta yake kwance tsakanin tsofaffin wayoyi. Fentinsa ya ɗan goge a gefe. Shi ta zo saye.

Tun da ta gama hidimar ƙasa take aiki a situdiyon Salihu, wani ɗaki guda a saman shagon tela a Jakara, wanda aka liƙe bangonsa da soson katifa da kwalayen ƙwai. Aikinta shi ne gyaran murya. In an ɗauki tallar sabulu ko ta maganin basir, ita ke zama a lungu da tsohuwar kwamfuta tana yanke tari da numfashi. Kujerar da ke gaban na'urar ɗaukar sauti ta Salihu ce, ba wanda ke zama a kanta sai shi.

Sai ga wata mawaƙiya mai suna Turai ta kawo waƙar biki, ta ce ita kiɗan hannu take so, ta gaji da na kwamfuta. Aka ɗauko Zaharaddeen da jerin gangunansa na bature. Komai ya ɗauku daidai, ban da babbar gangar nan ta ƙasa da ake takawa da ƙafa. A cikin ɗaki in ya taka ta har ƙirji ake jinta, amma in aka saurara a na'ura sai ka ce kwali ake mari. Salihu ya murɗa nan ya murɗa can, ya zagi wuta, ya zagi soso. Zaituna, wadda ba a cika jin bakinta ba, ta ce matsalar makirfo ce: na murya ne aka kara mata, ita kuwa gangar ƙafa tana son mai faɗin ciki, wanda zai haɗiye amo mai nauyi bai tsage ba.

Salihu ya dube ta. Sannan ya zaro abin da ke aljihunsa ya miƙa mata. "Tunda ke kika sani, je ki sayo. In kin kawo kafin la'asar gobe, ke za ki zauna a kujerar nan ki ɗauki waƙar. In ba ki kawo ba, in buga abata a kwamfuta, kowa ya koma inda yake."

Kuɗin ba za su sayi sabo ba, ta san haka. Akwai na kwaikwayo masu araha da ƙyalli, amma ta saurari yadda suke ɗauka, zuuu suke yi kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Ta yi ta tambaya a waya har wani mai gyaran lasifika ya ce mata akwai na hannu guda ɗaya, na ainihi, a wani shago kusa da kasuwar Kurmi, wasu makaɗan coci na Sabon Gari suka sayar. Ga shi nan kuwa a gabanta, kuma farashin da ke liƙe a jikinsa bai fi ƙarfin jakarta ba.

Ta ɗaga hannu za ta nuna shi ke nan, aka yi gyaran murya daga bayan kwalaye.

"Wa nake ji kamar Zaituna?"

Kawunta ne, Kawu Muhammad, yayan mahaifiyarta, zaune a kan benci da rediyonsa a cinya an kwance masa baya. Ba ta taɓa sanin yana zama a nan ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya gaya wa mai shago cewa wannan ai 'yar marigayi Malam Umar ce, limamin masallacin unguwarsu, wadda ta yi digiri. Alhaji Tajuddeen ya ajiye makirfon ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce ashe jinin Barebari ce, shi ya sa take magana ciki-ciki kamar wadda ta ci bashi. Kawu ya ce ina Bafulatani ya san magana, shi da ya tashi da shanu yake hira.

Suna dariya, ita kuwa tana lissafin abin da za ta ce. A gida an san tana aiki a ofishin da ake shirya tallar rediyo, kuma ba ƙarya ba ce. Sai dai ba ta taɓa ambaton waƙa ba, balle ganga. Gidansu gidan karatu ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya hana ta kiɗa, don ba wanda ya taɓa zaton akwai buƙatar hanin. Shi ya sa kullum da safe take fita ta bakin titi kamar za ta hau adaidaita, sannan ta zagayo ta bayan kasuwa ta shiga situdiyon, alhali lunguna kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar gidansu.

Alhaji ya tambaye ta makirfon na wane aiki ne, don ya san wanda zai ba ta. Ta buɗe baki. Kawu ya riga ta.

Ya ce shi ya gane abin da ya kawo ta. Shekaranjiya ya je gidansu yana kukan makirfon masallaci, wanda in ladan ya ɗauki kiran salla sai ya yanke a tsakiya, kuma tana zaune a gefe tana tsinke zogale, ba ta ce uffan ba. Ga wata ya mutu, an yi albashi. Wasu yaran albashinsu na farko atamfa suke saya wa iyaye a sa musu albarka, ita kuwa masallacin ubanta ta tuna. Ya sunkuyar da kai yana shafa rediyon.

"Kawu," in ji ta, "ai ni..."

"Yi shiru, na san ba kya son a sani. Haka ubanki yake. Ba zan gaya wa kowa ba."

Alhaji Tajuddeen ya riga ya hau kujera yana sauko da wani kwali daga sama. Zaituna ta tattara ƙarfin da ya rage mata, ta nuna ƙasan gilashi, ta ce wancan fa, ko zai ɗan gwada mata shi.

Mai shago ya leƙa, ya yi dariya. Ya ce wannan ba na mutanen kirki ba ne, na 'yan kiɗa ne, a bakin ganga ake cusa shi. Don ta gani da kunnenta sai ya ciro shi, ya jona waya, ya ce ɗaya biyu. Muryarsa ta fito da kauri kamar daga cikin rijiya. Ya buga tafin hannunsa a kan makirfon, lasifika ta yi wani dum mai zurfi, gilashin shagon ya amsa. Kawu ya toshe kunne ya ce a cire, wannan in ladan ya yi kira da shi ai sai jarirai su firgita.

Zaituna ta ji dum ɗin nan a ƙasan haƙarƙarinta. Babu tsagewa, babu zuuu. Shi ne amon da take ji a kanta tun jiya. Ta bi shi da ido har Alhaji ya mayar da shi mazauninsa ya ja gilashi.

Makirfon da ya sauko da shi daga sama dogo ne, baƙi, sabo fil, kuma ya fi kuɗinta. Amma Alhaji ya ce tunda na ɗakin Allah ne, ta kawo abin da ke hannunta, sauran shi ma a sa shi a ladan. Ya ƙara da doguwar waya kyauta. Ya ce wa Kawu ya shaida, yau Bafulatani ya yi wa Barebari alheri, kada gobe a musa. Su biyun suka juyo suna kallonta da murmushi. Ta zuge jakar. Hannunta ne ya miƙa kuɗin Salihu, tana kallonsa kamar hannun wata.

Kawu bai bari ta ɗauki kwalin ba. Ya rungume shi a ƙirji, ya manta da rediyonsa, suka kama hanya yana gaba tana baya. Lungunan sun cika da masu babur da 'yan dako, bango na dama da na hagu kamar za su haɗe. Alkawarin da ya yi na rufa asiri bai kai ƙarshen layin maƙera ba. Ya gaya wa mai goro, ya gaya wa wani tsoho da ke alwala a bakin kwata, ya gaya wa mai unguwa da suka yi kiciɓis da shi. Kowa sai ya leƙo bayansa ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya jiƙan Malam. Ita kuma tana amin, amin, kanta a ƙasa. A wata kwana ta hango matakalar situdiyo, da babur ɗin Zaharaddeen a jingine. Ta ɗauke kai.

Kafin azahar an jona makirfon. Tana tsakar gida lokacin da ladan ya ɗauki kira, kuma ko ita sai da ta tsaya. Muryar tsohon ta fito tas, har ɗan rawar da take yi in ya ja madda ana ji. Mahaifiyarta, Hajiya Yagana, tana tankaɗen gari. Ta ajiye rariya, ta saurara har ƙarshe, ta yi addu'ar bayan kira. Labari ya riga Zaituna isowa gida.

"Zo nan," in ji ta.

Zaituna ta matsa ta durƙusa. Uwar ta dafa kanta da hannu mai gari, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce da ta ɗan damu da wannan aikin nata, don ba ta san irin mutanen da ke wurin ba, har ta yi niyyar sa Kawu ya je ya gano. Amma yanzu hankalinta ya kwanta. Aikin da kuɗinsa ya fara shiga masallaci ba abin bincike ba ne.

Maganar tana bakin Zaituna, a shirye. Umma, kuɗin ba nawa ba ne. Amma daga nan sai a tambayi na wa, sai a tambayi na me, sai Kawu ya koma ya kwance waya a gaban mutanen da suka yi addu'a, ya mayar wa Alhaji kwalinsa da ladansa. Maƙwabta suka fara sallama, wata da ƙosai a leda, wata hannu rabbana, duk sun zo ganin 'yar Malam. Ta shiga ɗaki ta yi salla. Wayarta na ta motsi a ƙarƙashin filo, sunan Salihu na haske yana mutuwa. Ta buɗe akwatinta ta duba, ta san abin da za ta gani: ɗan kunnen da ba na zinariya ba, da takardun makaranta. Ko da tana da abin sayarwa, shagon Alhaji ya rufu gare ta. In ta koma ta ce na ganga take so, kafin magariba Kawu ya ji.

Da rana ta karkata ta ce za ta koma ofis. Uwar ta ce ta je, Allah ya tsare, ta ƙulla mata ƙosan a leda. Ta fita ta bakin titi kamar kullum, ta zagaya ta bayan kasuwa, ta hau matakalar a hankali.

An shirya komai. Turai na zaune a kan buhun soso tana bitar baitocinta. Zaharaddeen ya cusa filo a cikin gangar ƙafa, ya kafa ɗan guntun ƙarfen da za a ɗora makirfo a daidai ramin fatar, yana ɗan taka ta a hankali don ɗumama ƙafa. Salihu ya tashi daga kujerar, ya juyo da ita wajen ƙofa, abin ji na kunne a hannunsa.

Bai kai ga magana ba kiran la'asar ya shigo. Da can daga wannan masallacin sai dai a ji ɗan gunji, a yi ta gardama ko an kira ko ba a kira ba. Yau ya ratsa taga, ya ratsa soso da kwalayen ƙwai, ya cika ɗakin. Zaharaddeen ya ɗage ƙafarsa. Turai ta ja mayafi ta rufe kai. Suka yi shiru har aka gama.

Salihu ya gyaɗa kai irin na wanda ya san sauti. Ya ce lallai mutanen nan sun yi sabon makirfo, kuma mai kyau, ko ƙara babu. Sannan ya dubi hannunta, ya dubi ledar ƙosai.

"Malama Zaituna, ina namu?"

"Shi ne ka ji yanzu," in ji ta.

Turai ta fara dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta bari. Salihu ya dubi taga, ya dubi Zaituna. Ta gaya masa yadda aka yi a taƙaice, idonta a kan tabarma, ta ce a cire a albashinta har ya cika. Mutum ba ya cewa a je a kwance makirfon masallaci, kuma ba ya zagin wanda ya kai shi, Salihu ma ya san wannan. Ya shafa gemunsa, ya ce to, Allah ya karɓa, ashe shi ma yau ya yi sadaka bai sani ba.

Ya ce wa Zaharaddeen ya bar gangar ƙafa, in an dawo daga salla ya buga sauran, ita za a sa ta a kwamfuta. Sannan ya juya kujerar ta koma fuskantar na'ura, ya rataya abin jin a wuyansa.

Zaituna ta ajiye ƙosan a kan tebur don kowa ya ɗiba. Ta wuce lungunta, ta kunna tsohuwar kwamfutar. Akwai tallar sabulu da ba ta gama yanke wa numfashi ba.