Ɗoriyar Alhaji Babaji

Tun da likita ya ce wa Alhaji Babaji gwiwoyinsa ba za su huta ba sai ya rage kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, matarsa Hajiya Ma'u ta kife ƙwaryar fura. Ta ce ran da ya cika umarnin likita, ranar za ta dama. Shi kuwa mutum ne da ko Sallah ba ta yi masa daɗi in babu fura.

Haka ya jure. Ya ajiye babur, kullum ya taka daga Ƙofar Durbi zuwa rumfarsa ta hatsi a Babbar Kasuwa, yana tafe yana mita.

Wata Laraba ya hau sikelin da maƙwabcinsa Zakari ke auna buhuna. Kilo ɗari cif! Da can ɗari da goma ne. Ko rumfa bai rufe ba ya yi gida, baki har kunne.

"Hajiya, ɗauko ƙwarya! Goma sun tahi, ɗari sun rage. Goma cikin ɗari ke nan."

Ma'u, wadda ta tsufa tana koyar da lissafi a firamare, ta dube shi ta saman tabarau.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Amma daga inda aka taso ake lissafi, ba inda aka sauka ba. Goma cikin ɗari da goma ka rage. Na likita sha ɗaya ne, saura kilo guda."

"To bari in koma in tuɓe babbar riga in sake hawa."

"Da ita a jikinka likita ya auna ka."

Alhaji ya zauna a tabarma jiki a sanyaye. Ya ba ta tausayi ƙwarai. Ta tuna bara, ko masallacin unguwa ba ya kaiwa sai ya dafa bango, yau ga shi ya shigo kamar saurayi. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ashe tun safe ta aika an sayo nono.

"Abin da ka rage tara ne cikin ɗari da 'yar ɗoriya. Ludayi tara za ka sha."

Ya shanye tara ɗin a hankali, yana lumshe ido. Sannan, da yake ɗan kasuwa ne, ya miƙa mata ludayin.

"Hajiya, ɗoriyar hwa?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ciko masa shi fal.