Doki Goma Sha Ɗaya

Takardar kamfani ta ce babur ɗin Dalhatu ƙarfin doki takwas gare shi. Littafin kawunsa Gwadabe, alƙalin tsere, ya ce doki goma sha ɗaya ne. Ƙarin ukun nan ba a cikin inji suke ba, suna kan kariya, wurin ɗora kaya a bayan babur: bulo uku ɗaure da roba.

Haka dokar take a tseren da ake yi duk Juma'a bayan la'asar a busasshiyar fadamar hanyar Kademi. Babura biyu a jere, miƙaƙƙen fili daga tsamiya zuwa igiya. Wanda ya ba abokin karawarsa ratar da ta wuce tsawon babur uku, Gwadabe ya ƙara masa doki ɗaya a littafi, a ɗaura masa bulo. Wanda ya kai sha biyu sai ajin manyan babura, inda ko hayaƙin salansarsu ba zai shaƙa ba.

Abin nan yana ci wa Dalhatu rai. Bakanike ne a Gaya, da hannunsa ya kwance tsohon injin nan ya ɗaure har sau biyar, kuma ladan gwanintarsa bulo.

“Kawu, wai laifina ne da na iya gyara?”

“Ba laifinka ba ne, ɗana. Amma in kullum kai kaɗai ke ci, wata Juma'ar kai da tsamiya za ku yi tsere.”

“To a ɗaura min ginin gaba ɗaya mana!”

Gwadabe ko ɗago kai bai yi ba. Mutum ne da idan ya riƙe biro, kunnensa ya tafi hutu.

Juma'ar ƙarshe ta zo da hadari a gabas, masu fadama sun ce mako mai zuwa za su sa garma. Karon ƙarshe tsakanin Dalhatu ne da Hafizu ɗan Toranke, wanda rumfar gyaransa ke kallon ta Dalhatu. Kowa ya san halin 'yan acaɓa: rumfar wanda ya ci, nan za su tare har ƙarshen damina.

Dalhatu ya yi dabararsa. Zai ci, amma da tsawon babur biyu kawai, ya samu 'yan acaɓa, ya kuma tsira daga doki na sha biyu. Sassauta totur da gangan hukuncinsa korar shekara guda, sai dai wa zai gane a cikin wannan ƙara?

Aka saki ƙyalle. Babur ɗinsa ya ɗauki bulo uku kamar ba komai, kafin rabin fili Hafizu ya ɓace daga gefen idonsa. Ya waiwaya. Tsawon babur huɗu! Ya sassauta hannu kaɗan, kaɗan ɗin nan dai.

Abin da bai lissafa ba shi ne rairayin da ke dab da igiya. Da gudu ya ragu, nauyin bulo ya danna tayar baya cikinsa. Ya murɗa totur har ƙarshe, injin ya yi kuka, babur ya ƙi miƙewa. Hafizu ya wuce shi da faɗin taya ɗaya.

Yana tsaye yana huci sai ga Gwadabe da sauri, littafi a hammata, baki har kunne.

“Ka gani? Taya ɗaya! Shekara uku ina neman lissafin nan ya daidaita, yau Allah ya nuna min. Sha ɗaya shi ne daidai da kai, ɗana.”

Dalhatu ya buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshensa: ya fi Hafizu, ya fi littafin, shi ya saki hannu. In ya faɗa, shekara guda ba shi ba fadama. Ya rufe bakinsa.

Can gefe har 'yan acaɓa sun kewaye Hafizu suna tambayar wane irin filogi yake sawa. Dalhatu ya sunkuya ya fara kwance robar da ta ɗaure bulon.

“Kar ka yar da su,” in ji Gwadabe. “Adana su a rumfa, da su za ka fara baɗi.”